Hannun Lauratu, Sunan Najiba

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan Alhaji Yahuza bayan la'asar a Ƙanƙara ya san yadda aka yi jarrabawar fita sakandare a shekarar tamanin da uku, ko da kuwa a lokacin ba a haife shi ba. Tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya, bakinsa ne dai bai yi ba. Ya faɗa ya maimaita, har masu zaman sun haddace inda yake tsayawa ya gyara hula.

"Mu a zamaninmu," haka yake farawa kullum, "ɗan sanda ke rako takarda da bindiga. Ambulan a liƙe, a gabanmu ake ɓarke shi. Tsakaninka da na kusa da kai taku uku. Malamin lissafinmu ɗan Gana ne, ka ɗaga kai ka kalli rufi ya rubuta lambarka. Ka gama, ka koma gida ka yi noma wata huɗu kafin a liƙa sakamako a allo. Mu arba'in ne a aji, mutum shida muka fita. Yanzu fa? Yaro ya shiga da waya a cikin safa, ya fito da kiredit tara, ka ce ya rubuta maka wasiƙar neman aiki ya tsaya yana sosa ƙeya."

Sai a yi dariya, a ce, "Gaskiya ne, Alhaji."

Lauratu ce ke kawo musu ruwa, don haka ta fi kowa jin wannan karatu. Ɗiyar ƙanensa ce marigayi. Tun shekarar da zaman garinsu Ruwan Godiya ya gagare su, uwarta ta koma Faskari da ƙananan yara, ita kuma aka kawo ta gidan Alhaji don ta yi makaranta. Tana aji shida na sakandare, kuma tun zuwanta ba wanda ya ƙara karɓar na ɗaya a ajinsu. Idan ta ji Alhaji yana zagin masu satar amsa, har wani daɗi take ji, tana ganin a gidan nan dai akwai wanda zai gane wahalarta.

Ana saura kwana goma a rufe rajistar jarrabawa ya kira ta falonsa. Matarsa Hajiya Hajaratu tana gefe a kan kujera. Babbar 'yarsu Najiba tana kwance a ƙasa tana latsa waya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Lauratu, ke ɗiyata ce, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba."

"To, yayarki sau biyu tana zama jarrabawar nan, Allah bai yi ba. Ga gurbi an yi mani alkawari a makarantar koyon aikin lafiya, takarda kawai ake jira. Akwai wata makaranta a Sabuwa, mai ita Sanusi yarona ne, ni na koyar da shi. Za ki je can ki zauna da sunanta."

Lauratu ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta kalli Najiba, wadda a shekara biyun nan ba ta taɓa ganin ta buɗe littafi ba sai dai ta kare fuska da shi daga ƙuda.

"Baba, tawa fa? Malam ya ce ranar Litinin kowa ya kai hoto."

"Baɗi. Shekararki nawa? Jarrabawa guduwa take yi?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Baba, na ji kana cewa satar jarrabawa..."

"Ke!" Hajiya ta katse ta. "Alhajin kike yi wa musu?"

Alhaji ya ɗaga hannu. "Ƙyale ta, tambaya ce mai kyau. Sata ita ce ka ɗauki abin wani. Ke da Najiba jini ɗaya ne. Abin da ke cikin kanki kuma na gidan nan ne, nan kika ci kika sha kika same shi. Ban da haka ma, wannan abin da suke yi yanzu har jarrabawa ce? Da irin tamu ce, wallahi ba zan yarda ba. Wannan wasan yara ne, takarda kawai ake nema."

Da haka aka rufe magana. Mutumin da ya shekara talatin yana dukan 'ya'yan mutane a kan leƙen takarda ya sami fatawar da ta dace da gidansa cikin minti biyar, ko gumi bai yi ba.

Washegari aka sa mata hijabin Najiba mai ruwan toka, aka kai ta wurin mai hoto. Hajiya ta karɓi hoton ta nisanta shi da ido, ta ce, "A cikin hijabi duk fuskarku ɗaya." Aka ba ta tsohon littafi ta cika shafi biyar da sa hannun Najiba. Aka hana ta zuwa makaranta, wai kada 'yan ajinsu su yi ta tambaya. Da malamin kimiyyarsu, Malam Maharazu, ya zo har gida yana cigiyar ɗalibarsa, Alhaji ya tare shi a zaure ya ce yarinyar ba ta da lafiya, sannan ya zaunar da shi awa guda yana yi masa bayanin yadda malaman yanzu suka kashe ilimi. Lauratu tana bayan ƙofa tana jin muryar malaminta yana cewa, "Allah ya ba ta lafiya," har ya tafi.

A Sabuwa, gidan wata gwaggon Sanusi aka sauke ta. Makarantar kuwa ajujuwa huɗu ce da katanga doguwa, ɗalibanta na kullum ba su kai ɗari ba, amma ranar jarrabawa sai ga mutane har ƙarƙashin bishiya. Akwai masu gemu, akwai mai goyo, akwai wani da furfura ta fara fito masa yana amsa sunan yaro ɗan shekara sha bakwai. Da an raba takarda sai maigadi ya ja ƙofa ya sa sakata, malami ya shigo da alli ya hau rubuta amsa a allo, wani kuma yana karantowa daga waya. Ba wanda yake ɓoyewa. Masu kwafa har faɗa suke yi wa malamin idan ya tsaya a gaban rubutun.

Ranar lissafi Lauratu ta ga amsar tambaya ta shida a allo ba daidai ba ce. Ta yi tata. Malamin da ke zagayawa ya tsaya a kanta ya leƙa.

"Ke mi kike rubutawa haka? Ba ki ga allo ba?"

"Malam, an yi kuskure a layi na uku."

"Mun tambaye ki? Najiba ko wa? To Najiba, nan ba wurin nuna iyawa ba ne."

Ya wuce. Ita kuma ta ci gaba da nata, domin ko da sunan wata ne a saman takardar, hannunta ya ƙi rubuta abin da ta san ƙarya ne. Haka ta yi mako shida. Kullum da safe sai ta maimaita wa kanta sunan da za ta amsa, kada a kira ta yi shiru.

Sakamako bai ɗauki wata huɗu ba, kuma ba a allo aka liƙa shi ba. A waya ya fito, aka bugo shi a shagon kwamfuta. Kiredit takwas, har da lissafi da Turanci. Hajiya ta rangaɗa guɗa, aka yanka kaji, maƙwabta suka yi ta shigowa suna rungumar Najiba, ita kuma tana rufe fuska wai kunya. Lauratu tana bakin murhu tana soya kajin, hayaƙi na shiga mata ido, ta ji daɗin hayaƙin don ba wanda zai tambaye ta dalilin hawaye. Da ta kai ruwa ƙofar gida, ta tarar takardar tana yawo hannu zuwa hannu.

"Wannan kam gado ne, Alhaji," in ji wani.

"Tarbiyya ce," in ji Alhaji. "A gidana yaro bai isa ya shiga jarrabawa da ko tsinke ba."

Najiba ta tafi makarantar koyon aikin lafiya da akwati sabo. Lauratu ta ci gaba da shara da wanki da girki, tana jiran baɗinta. Littattafanta suna ƙarƙashin katifa, takan ciro su bayan azahar idan Hajiya ta kwanta. Da ta yi maganar komawa makaranta sai Alhaji ya ce, "Mi za su koya maki da ba ki sani ba? Zauna gida, lokacin rajista na sa a yi maki."

Lokacin rajista ya zo, sai ga Mas'udu, ƙanen Hajiya, da ledar lemo. Matarsa Nana Khadija aka yi wa alkawarin aiki, ita ma takarda ake jira. Wannan karon ko falo ba a kira Lauratu ba, a tsakar gida Hajiya ta faɗa mata tana tankaɗe.

"Umma, Baba ya ce bana tawa ce."

"To ya fasa. Kin yi wa Najiba, ki ƙi yi wa matar ƙanena? So kike a ce a gidan nan ana nuna bambanci?"

"Ba zan iya ba, Umma. Don Allah."

Hajiya ta ajiye rariya. "Ba za ki iya ba? Tuwon gidan nan dai kina iya ci."

Kwana uku ba wanda ya amsa gaisuwarta. A na huɗu aka miƙa mata waya, uwarta ce daga Faskari. Ɗakin da take zaune da yara na Alhaji ne, kuma an tuna mata da hakan.

"Lauratu, ki yi haƙuri ki yi masu. In ya tashe mu ina za mu? Wannan ɗaya dai, Allah na gani."

"Inna, haka aka ce bara."

"Na sani, ɗiyata. Na sani."

Ta koma Sabuwa, ɗaki guda, tabarma guda, suna ne kawai ya canja. Wannan karon ma ba a damu a ɗauke ta hoto ba. Hoton Nana Khadija na gaske aka liƙa, mace mai shekara ashirin da shida, fara, mai wushirya. Sanusi ya ce ba komai, ba mai dubawa.

A mako na uku, ranar kimistiri, aka sami mai dubawa. Wata dattijuwa ce, Malama Hussaina, da hukumar jarrabawa ta turo sa ido. Da a mota ta zo, da maigadi ya yi fito an goge allo kamar yadda aka saba. A bayan ɗan acaba ta zo da mayafi irin na kowa, maigadi ya ɗauka uwar wata ce ta kawo abinci. Kafin a ankara tana tsakiyar aji. Malamin allo ya fita ta taga. Masu gemu suka bi shi. Lauratu ba ta motsa ba, ta gaji da yawa.

Malama Hussaina ta zo kanta da kundin hotuna, ta kalli hoto, ta kalli fuska.

"Ya sunanki?"

Sunan Nana Khadija yana bakinta, ta maimaita shi da safe sau goma. Sai ta ji ta ce, "Lauratu."

Dattijuwar ta ɗauki takardar amsarta ta karanta a tsaye, shafi ɗaya, shafi biyu. Ta juya ta kalli abin da ya rage a allo, ta dawo kan takardar.

"Ba daga allo kika kwafa ba."

"A'a."

"Ke kin yi taki jarrabawar?"

"Ba a yi mani rajista ba."

Malama Hussaina ta ce, "Dole in rubuta abin da na gani, yarinya. Amma ki faɗa mani wanda ya turo ki." Lauratu ta faɗa.

A ofishin 'yan sanda ta kwana, a kan benci bayan kanta. Da hantsi Alhaji ya iso cikin babbar riga fara, yana jan carbi. Ya gaisa da kowa hannu bibbiyu, ya zauna, ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ce mani ta yi za ta Faskari gaida uwarta. Ni ina zan san Sabuwa ta nufa? Marainiya ce na riƙe tsakani da Allah. Amma yaran yanzu, waya ta gama da su. Ni da na shekara talatin a aji, a ce daga gidana aka kama mai sojan gona! Mu a zamaninmu ko a mafarki..."

"Wace shekara ka zauna, Alhaji?" in ji Malama Hussaina, wadda ta zo ba da bayaninta.

"Tamanin da uku."

"Na riga ka da shekara biyu. Mu daina yi wa yara ƙarya, a zamaninmu ma an yi sata. Na san wadda ta shiga da rubutu a cinya, na san shekarar da takarda ta fita kafin ranarta. Abin da ban taɓa gani ba shi ne wanda ubansa ya riƙo hannunsa ya kawo shi. Mai yi a lokacin, ba wanda yake tsoro irin uban nasa."

Alhaji ya yi murmushi. "Malama, kina da shaida?"

Ba ta da ita. Sanusi ya rantse bai taɓa ganin yarinyar ba sai ranar. Mas'udu ya aiko cewa shiri ne tsakanin mata, shi bai sani ba. Da jami'in 'yan sanda ya tambayi Lauratu ko wannan ne karonta na farko, ta buɗe baki, sai Alhaji ya matso kamar zai gyara mata hijabi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ki tuna da uwarki." Ta ce shi ne na farko. Alhaji ya sa hannu ya karɓi belinta, har wani kofur yana yi masa addu'a, Allah ya saka masa da haƙurin da yake yi da 'ya'yan dangi.

Ba a mai da ita Ƙanƙara ba. Hajiya ta ce ba za ta ajiye yarinyar da ta kwana wurin 'yan sanda a cikin 'ya'yanta ba, kada ta ɓata su. A buhu aka aiko mata da kayanta Faskari. Littattafan ba su ciki.

Labarin ya riga ta isa. Makaranta biyu ta je neman a ɗauke ta ko da maimaita aji ne, duka suka ce ta kawo takardar canji daga tsohuwar makarantarta. Tsohuwar makarantar ta ce mariƙinta ne zai zo ya sa hannu. Mariƙin ya ce ya cire hannunsa daga sha'aninta. Ta rubuta wa Malam Maharazu wasiƙa, aka ce an yi masa canjin wurin aiki. A ƙarshe ta ɗauki kaskon Inna ta koma bakin tasha tana suyar awara.

A bakin tashar ne ta ƙara sanin mutane. Matan da ke janye 'ya'yansu idan ta wuce, suna cewa ga ɓarauniyar jarrabawa, su ne dai idan rajista ta matso sukan biyo ta gida ɗaya bayan ɗaya, kowace tana waiwaye. "An ce kanki na ja. Ɗiyata ce ke aji shida, ko za ki taimaka?" Har wani mai wa'azi a kan lalacewar tarbiyya ya turo matarsa. Lauratu takan ce, "Na daina," ta ci gaba da yanka awara. Su fita suna cewa ga girman kai ga abin kunya.

Shekara uku ta yi a haka. Da damina ta huɗu ƙanwarta Hafiza, 'yar shekara biyar, ta kwanta da zazzaɓi, da rana tsaka ta fara jijjiga, ido ya kafe. Lauratu ta saɓa ta a kafaɗa ta ruga wani ƙaramin asibiti da ke unguwarsu, Inna na biye da ita ba takalmi. Babban ma'aikacin wurin, Malam Abdulganiyu, ya ɗora yarinyar a sikeli, ya rubuta nauyinta da adadin allurar da za a ba kowane kilo a kati, sai aka ƙwala masa kira wata mai naƙuda na zubar da jini. Ya miƙa katin ga sabuwar ma'aikaciyar da aka turo musu satin nan, ya ce, "Yi mata yanzu," ya fita da gudu.

Ma'aikaciyar ta juyo cikin fararen kaya. Najiba ce. Ta gama makarantar, ta hanyar da ta shige ta.

Ba su gaisa ba, ba lokaci. Najiba ta kalli katin, ta juya shi, ta sake kallo. Ta fasa kwalbar allura ɗaya ta zuƙe duka, ta fasa ta biyu. Lauratu tana riƙe da ƙafafun Hafiza, idonta ya faɗa kan katin. Kilo goma sha huɗu. Ta yi lissafin a kanta kafin ta san tana yi, ta ɗauki fasasshiyar kwalbar ta karanta abin da ke jiki. Rabon yarinyar bai kai rabin kwalba ɗaya ba.

Ta cafke hannun Najiba. "Nawa kika zuƙa?"

"Sake ni, aikina nake yi."

"Nawa aka rubuta? Karanta mani!"

Najiba ta sake kallon katin. Ɗigon da ke gaban lambar bai ce mata komai ba. Ta rage murya. "Lauratu, don Allah ki rufa mani asiri. Faɗa mani inda zan tsaya."

Lauratu ta nuna mata layin da yatsa, ta tsaya a kanta har ta zubar da sauran, ta ɗaga sirinjin ta duba da idonta, sannan ta bari aka yi. Jijjigar ta lafa. Hafiza ta yi ajiyar zuciya ta yi barci, Inna ta zube ƙasa tana hamdala ba tare da ta san abin da ya wuce ta gabanta ba.

Da Malam Abdulganiyu ya dawo, Lauratu ta ajiye masa fasassun kwalabe biyu a kan tebur, ta faɗa masa komai, tun daga Sabuwa. Bai ce ta yi ƙarya ba. Ya rubuta wani lissafin a bayan kati ya miƙa wa Najiba. Ta riƙe biro har ya gaji ya karɓe. A ranar ya rubuta rahoto.

Kafin magariba wayar Inna ta yi ƙara. Lauratu ce ta ɗauka.

"Kin kyauta," in ji Alhaji. "Gidan da ya riƙe ki shi kika tona wa asiri a gaban bare."

"Baba, da ta kashe Hafiza."

"Ai ba ta mutu ba. Wa ke fara aiki bai yi kuskure ba? A hankali ake koyo."

"A jikin 'ya'yan wa za ta koya, Baba?"

Ya kashe wayar. Wa'adin wata ɗaya ya ba Inna ta bar masa ɗakinsa, suka koma wani kango a bayan kasuwa da wata 'yar garinsu ta ba su aro.

Rahoton kuwa ya hau sama, ya tarar da waɗanda Alhaji ya koyar, da waɗanda 'ya'yansu suka zauna a makarantu irin ta Sanusi, da waɗanda su kansu ba za su so a tambaye su wa ya rubuta musu tasu ba. Kowa ya karanta ya yi tsaki a kan lalacewar ilimi, kowa ya ce a duba girman dattijon. Aka yanke cewa tunda ba ta jituwa da Malam Abdulganiyu, a raba su. Aka mai da Najiba wani ɗakin shan magani a ƙauye can bayan Tafoki, inda ba likita, ba babban ma'aikaci, ba mai leƙa abin da ta zuƙa. Hajiya ta zagaya dangi tana cewa ƙarin girma aka yi mata, yanzu ita ce shugaba.

Wata ranar kasuwa Lauratu na bakin kasko, wata mata da goyo ta tsaya sayen awara kafin motarsu ta cika. Mai surutu ce, ta ce daga wajen Tafoki take, kuma bana Allah ya dube su.

"An kawo mana likita har gida. Ɗiyar wani babban malami ce daga Ƙanƙara. An ce kiredit takwas gare ta, ba irin yaran nan na yanzu ba."

Lauratu ta kalli jaririn da ke barci a bayanta, kansa ya langaɓe gefe. Ta ajiye matsami.

"Baiwar Allah, in yaron nan ya yi zazzaɓi, ki kawo shi nan Faskari. Ko da ƙafa ne ki kawo shi."

"Don mi, ga likita a ƙofar gida?"

"Ni na rubuta mata jarrabawar."

Matar ta dube ta daga sama har ƙasa, zanen da mai ya ɓata, yatsun da kasko ya ƙona, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Kai, 'yan birni da barkwanci! Ƙara mani yaji."

Lauratu ta ƙara mata yaji. Kwandasta ya buga jikin mota yana kiran Tafoki, matar ta gyara goyonta ta ruga, tana ta dariya har ta shiga.